Me ya sa gwanayen wasan ces (chess) ke yin canjaras bayan an cinye sarauniyoyi da wuri?

Tambaya: Na kalli wasan wasu manyan gwanaye biyu, an cinye sarauniyoyin duka tun a taku na takwas, can kuma suka yi musabaha aka tashi kunnen doki. Tsoron juna suke ji ne?

Amsa: Malam, ba tsoro ba ne. Abin da ka gani shi ne kariyar Balin, reshe na buɗin wasan Ruy Lopez. Mai farare yana ba da bishof ɗinsa ya ci doki a gidan c6 (harafi da lamba ne ke nuna gida a allon), sarauniyarsa ta ci ta abokin karawa a d8, sarkin baƙaƙe ya rama. Daga nan sarkin ya rasa damar shigewa lungu (castling, takun da ke ɓoye sarki a gefen allo), ga sojojinsa biyu a jere kan layin c.

Kallon farko sai ka ce mai baƙaƙe ya shiga uku. A ɓangaren sarki farare na da soja huɗu, shi yana da uku, kuma da za a kwashe manyan 'ya'ya a bar sojoji zalla, farare ne za su ci. Amma duba sojan fararen da ya riga ya tura zuwa e5. Ya bar fararen gidaje irin su e6 da f5 a buɗe, bishof ɗin da zai tsare su kuwa an riga an ba da shi. Sai mai baƙaƙe ya dasa bishof a e6, ya tura soja h5 ya hana sojojin farare motsi. Sarkin da ke tsakiya ma ba ya cikin haɗari sosai tunda babu sarauniya. A ganina wannan toshewa ce ruhin buɗin gaba ɗaya.

Vladimir Kramnik ne ya farfaɗo da shi a Landan a 2000, lokacin da ya kara da Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin. Sau huɗu ya yi amfani da shi, duka aka tashi canjaras. Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba a gasar, Kramnik ya karɓe kambun da maki 8½ da 6½. Mai farare ne ke fara taku, don haka duk canjaras da baƙaƙe riba ce ga mai riƙe da su.

Shi ya sa yau masu farare da yawa ke kauce wa wannan buɗin, su tura soja d3 a taku na huɗu don sarauniyoyi su daɗe a fage.