Hular Haƙori Ta Ƙi Zama: Laifin Kwamfuta Ne Ko Na Tukunyar Tururi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Jos. Mun sayi kamarar ɗaukar hoton cikin baki da laftof ɗinta, muna tura awon masu dashen haƙori ta intanet zuwa wani ɗakin ƙera haƙori a Abuja. Da farko lafiya lau, amma kwanan nan hulunan da ake dawo mana da su, wato haƙoran da aka ƙera don ɗorawa kan dashen, sai an yi ta fama kafin su zauna. Mutanen Abuja sun ce laftof ɗinmu ce ta tsufa. Mu canza ta?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama. Ki dakata da zuwa kasuwa tukuna. Laftof idan ta gaji nauyi take yi, hoto ya riƙa tsayawa, fanka ta yi ta ihu, amma da wuya ta sauya lissafin awo. Ni zargina yana kan wani ɗan abu da bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Ƙusar ƙarfen titaniyom da likita ya dasa a madadin saiwar haƙori tana binne cikin ƙashi da dasashi, kamara ba ta ganinta. Shi ya sa kuke ɗaura mata ɗan turken awo kafin ɗaukar hoto. Manhaja irin exocad ko ta 3Shape tana da ainihin surar wannan turke a ma'ajiyarta, sai ta ɗora ta kan hoton da kuka aika, daga nan ta gane zurfin ƙusar da inda ta karkata. Manhajar ta ɗauka turken naki sabo ne dal. Idan ya ɗan lotsa, ba ta da labari. Za ta yi lissafinta daidai a kan ƙarya.

To me ke lotsa shi? Yawancinsu ana yin su da wata roba mai tauri da ake kira PEEK, wasu da titaniyom, wasu kuma kai roba gindi ƙarfe. An fi son robar ne don ba ta ƙyalli, kamara na karanta ta cikin sauƙi. Bayan kowane majinyaci dole ya shiga otokilef, tukunyar nan ta tururi, a zafin digiri 121 ko 134. PEEK ba ta narkewa sai wajen digiri 343, don haka ba za ki taɓa ganin ta zuba ba. Amma daga wajen digiri 143 take fara sakin jiki, kin ga 134 ba nisa. A dafa, a huce, a ɗaure da sukuru, a kwance, a sake dafawa. Gindin da ke zama kan ƙusa shi ke fara cinyewa, musamman idan mai ɗaurewa yana da ƙarfin hannu. Na titaniyom ya fi jure wannan wahala nesa ba kusa ba.

Sauyin na maikuron ne, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Kaurin gashin kai ma kusan maikuron 70 ne. Haƙorin da Allah ya halitta yana da 'yan jijiyoyi da ke ba shi damar ɗan motsi, ya yafe ƙaramin kuskure. Ƙusa kuwa ta manne da ƙashi, ba ta yafiya. A haƙori ɗaya ƙila a sha da ƙyar, amma gada, wato jerin haƙora a haɗe, mai hawa ƙusa huɗu, kuskuren kowace sai ya taru: sukuru ya riƙa kwancewa ko hula ta tsage.

Ga gwaji mai arha. Sayi sabon turke ɗaya, ki ɗaura shi a samfurin baki na filasta ki ɗauki hoto, sannan ki cire ki sa tsohon a gurbi guda ki sake ɗauka. Fitar da fayilolin biyu a tsarin STL, ki ɗora ɗaya kan ɗaya a CloudCompare, manhaja ce kyauta. Launuka za su nuna miki inda suka saɓa. Kafin nan ki daidaita kamarar da abin saitinta, kada a ɗora wa turke laifin wani.

Daga yau ki buɗe littafi, kowane turke da lambarsa da adadin dahuwarsa. Karanta takardar kamfani: wasu amfani ɗaya suka yarda, wasu sun ƙayyade sau nawa, sun kuma faɗi ƙarfin ɗauri. A bar shi ya huce sarai kafin ya shiga baki. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar dahuwa aka sake daga farko, ki rubuta biyu.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don tausayin turke a rage zafi, ko a goge da sifirit kawai, ko a tafasa a tukunyar girki. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa a nan wajen digiri 96 yake tafasa, bai ma kai 100 ba. Turken nan yana taɓa jini, kuma ciwon hanta nau'in B ta irin wannan hanya yake yaɗuwa. Idan kuɗin sauya na roba ya yi muku yawa, ku tambayi mai kawo muku kaya na titaniyom da ya dace da irin ƙusar da kuke dasawa.