Yaya Ake Hawa Tsanin Igiya na Jirgin Ruwa Lafiya?

Tambaya: Malam, na fara aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa. An ce zan riƙa bin ƙaramin jirgi ina hawa manyan jirage ta tsanin igiyar nan da matuƙan tasha, masu yi wa jirage jagora wajen shiga da fita, ke hawa. Gaskiya gabana yana faɗuwa. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Ɗana, kafin ƙafarka ta taɓa tsanin, ka ƙare masa kallo tukuna. Dokar SOLAS, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, babi na 5, sashe na 23, ta ce kada a sa mutum ya hau tsanin igiya sama da mita 9 daga fuskar ruwa. In jirgin ya fi haka tsayi, dole a haɗa shi da tsanin ƙarfe. Matakan tsanin igiyar su zama na katako mai ƙwari ko abin da ya kai shi ƙarfi, a kwance sosai a jikin jirgin. Na biyar daga ƙasa dogo ne, aƙalla mita 1.8, shi ke hana tsanin juyawa da kai. Ka ga mataki ya karkace, ko igiya ta yi baƙi ta fara zarewa? Kada ka hau, ko da kyaftin zai ɓata rai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba ka iya gani daga ƙasa, wato ɗaurin. Wasu ma'aikatan, don gaggawa, sukan ɗaure tsanin a jikin shingen ƙarfe na gefen jirgi, alhali ba a yi shingen don ɗaukar nauyin mutum ba. Wurin ɗauri na musamman yana nan a daɓen jirgin. Shi ya sa doka ta ce sai jami'i ya tsaya a bakin tsanin da rediyo a hannu, ga zoben ceto mai fitila a kusa. In ka ɗaga kai ba ka gan shi ba, ka dakata.

Wajen hawa, ka jira taguwar ruwa ta ɗaga ƙaramin jirgin ya kai ƙololuwa, sannan ka kama, ka yi sama nan take don kada ya dawo ya matse maka ƙafa. Kullum gaɓoɓi uku na riƙe, ɗaya na motsi. Jaka kuwa a ja ta da igiya, kada ka goya. Rigar ceto a ɗaure tamau.

Sauka ta fi wuya, don ba ka ganin inda za ka dira. Ka saurari mutumin da ke jiranka a ƙasa. Sai ya ce "yanzu" za ka saki igiyar.