Amsa kan shayin hanta, ga ƙanwarmu da ta yi tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa ina wuninku, ya yara? Ƙanwata, na saurari muryarki ta safe, cewa maigidan ya je ba da jini aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma kowa ya kawo nasa: wannan ya ce rawaya, wancan zogale, wata ta ce kurkum da citta, kina tambaya wanne ya dace ya sha. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki kwantar da hankalinki, binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin manya 100 na ɗauke da shi, kuma da yawa suna rayuwarsu lafiya lau idan ana bibiya.

Bari in fara da rawaya. Saiwarta ake tonowa, a shanya, a daka, a dafa ko a zuba a kunu. Da ita kakanninmu suka riƙa yi wa shawara magani, ni ba zan raina ta ba. Amma kin ga, shawara alama ce, abin da ke kawo ta da yawa: zazzaɓin cizon sauro, sikila, tsakuwar matsarmama, ko nau'in A wanda yakan tafi da kansa. To sai mutum ya sha rawaya, ido ya washe, a ce an warke. Shi kuwa B yakan zauna shekaru a jiki shiru, ba zafi ba komai, yana cin hanta a hankali, sai ciki ya fara tara ruwa sannan a ruga asibiti. Wallahi wannan ne ya hana ni yin shiru. Babu wani shayi da aka tabbatar yana kashe wannan ƙwayar cutar.

Zogale abinci ne, ya sha shayin ganyensa, ya ci kwaɗonsa, amma ganyen kawai, ban da saiwa. Zoɓo ma ba laifi, sai dai a rage sukari sosai, don yawan zaƙi na tara kitse a hanta, kuma in yana shan maganin hawan jini ya gaya wa likita, zoɓo na sauke jini. Citta da kurkum gwargwadon na girki ya isa. Amma ƙwayoyin kurkum na haɗiya (kafso) da ake haɗawa da masoro, a Italiya da Amurka an samu mutanen da suka lahanta wa hanta.

Abin da nake roƙonki, don Allah, kar ya sha rai ɗore. A Indiya yara sun rasu saboda cin 'ya'yansa, hanta ya taɓa musu. Haka ma jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a jarka a bakin tasha, ana cewa yana wanke hanta. Ba ki san me aka zuba ba, ba ki san yawansa ba, kuma duk abin da ya sha hantar ce za ta tace shi, ita da take fama.

Ya koma asibiti a yi gwajin aikin hanta, a yi hoton ciki, a auna yawan ƙwayar a jini. Ba kowa ake ɗorawa kan magani ba. In an ɗora shi kan tenofovir, maganin da ke danne ƙwayar cutar, kullum ake sha, kar ya ajiye don ya ji sauƙi. Ko farasitamol kar ya riƙa sha barkatai. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a zubar, gubarsu na haɗuwa da B ta kai ga dajin hanta.

Ke da yara ku je a gwada ku, wanda bai da shi a yi masa rigakafi, allura 3 ce. Jariri kuma cikin awa 24 da haihuwa ake so. Ya ware rezarsa da abin yanke farce, ya tafi da askarsa wurin wanzami. Amma kar ki ware masa kwano, cin abinci tare ba ya kawo shi.

In sakamakon ya fito ki turo min ta gefe mu duba tare. Ki gaida min shi. Sai anjima.