Hukuncin Kasa Kayan Dukanci a Bikin Kwaikwayon Yaƙin Tarihi a Ingila

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni baduku ne, sana'ar gadon gidanmu ce, yanzu ina zaune a Ingila. Ina ɗinka jaka, zabira, ɗamara da kuben wuƙa da hannu. Duk shekara a watan Yuli ana wani biki a garin Tewkesbury, mutane su sa sulke da kwalkwali su kwaikwayi yaƙin da aka taɓa yi a wurin, ana kuma cin kasuwa. Ina so in kama rumfa, amma zuciyata ba ta natsu ba. Akwai giya da kiɗa a filin, ana son mai rumfa ya sa tufafin mutanen da, wasu kuma suna neman in buga musu gicciye a jikin kaya. Ya halatta in je?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'arka albarka. Ka je ka kasa kayanka, ya halatta, amma akwai abubuwan da za ka kiyaye.

Abin da na fara dubawa shi ne ko taron na ibada ne. Yaƙin da suke kwaikwaya an yi shi ne ranar 4 ga Mayu, 1471, tsakanin gidajen sarauta biyu, York da Lancaster, a kan gadon mulkin Ingila, kuma Sarki Edward na Huɗu ya yi nasara. Rikicin sarauta ne, tuna shi kuma wasa ne da kasuwa. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Ukaz da Majanna da Zul-Majaz kasuwanni ne tun jahiliyya, da Musulunci ya zo sai sahabbai suka ji kamar zunubi ne su yi fatauci a lokacin aikin hajji, sai aya ta 198 a Suratul Baƙara ta sauka, cewa babu laifi a kanku ku nemi falala daga Ubangijinku. Wasan makami shi ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Habashawa sun yi wasa da māsu a cikin masallacin Manzon Allah (SAW), ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne teburinka. Gicciye kada ka buga shi, ko nawa aka ba ka. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Haka gudumar gunkin nan Thor da masu shigar Vikin, mayaƙan Arewacin Turai na da, ke ratayawa a wuya kamar laya, domin hadisin Jabir ya haramta cinikin giya da mushe da alade da gumaka. Ka faɗa wa mai saye da sakin fuska cewa addininka ne ya hana, ka nuna masa wani adon. Zanen fure, ganye da dagin Arewa duk ƙofarsu a buɗe take. Kofin fata kuwa ana shan ruwa da shi, ana shan wanin ruwa, don haka sayar da shi halas ne kuma ba a ɗora maka binciken zukata ba. Sai fa idan mutum ya buɗe baki ya ce na giya yake so, nan ka janye hannunka, kamar yadda malamanmu suka hana sayar da inabi ga wanda aka san zai matse shi ya yi barasa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi damuna: fatar kanta. A Turai ana yawan yi wa jaka da takalmi shafi da fatar alade. Ka san ta, ramukan gashinta uku-uku suke a tare. Wannan ka nisance ta, jima ba ta gyara ta. Fatar saniya ko akuyar da ba a yanka ba kuwa akwai saɓani. Muslim ya ruwaito cewa idan aka jeme fata ta tsarkaka, kuma da shi Hanafiyya da Shafi'iyya suka halatta sayar da ita. Amma a Risala, Ibn Abi Zaid ya ce a amfana da ita bayan jima, kada a yi salla a kanta, kada kuma a sayar. Abin da na rinjayar shi ne zahirin hadisin, musamman ga wanda yake ƙasar da tantance asalin kowace fata ke da wuya. Duk da haka, in za ka iya sa a aiko maka da jemammiyar fatar akuya daga Kano ko Sakkwato, ka fita daga saɓani gaba ɗaya. Ita ce fa wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saye ta a hannun 'yan Arewacin Afirka suna kiranta fatar Maroko. Mutanen da ke ƙaunar tarihi za su so jin wannan daga bakinka.

Su waɗannan masu saye suna biyan kuɗi mai tsoka ne saboda an ce musu aikin hannu ne. Abin da ka ɗinka da keke kada ka ce da basilla ka yi shi. Idan ka shafa wa jaka mai da rini don ta yi kamar tsohuwa, ka faɗa cewa sabuwa ce. Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Tufafi ba matsala matuƙar sun rufe al'aura kuma ba alamar addini ba ne. Annabi (SAW) ya sa jabbar Rumawa mai matsattsen hannu. Rigar ɗan kasuwa ko ta mai sana'a ka sa abinka, ban da ta limaman coci da ta mayaƙan gicciye.

Ka nemi a ba ka wuri nesa da rumfar giya, ka tafi da abincinka da darduma. Yinin Yuli a Ingila dogo ne, lokacin azahar da la'asar yana da faɗi, saboda haka ka samu wanda zai tsare maka rumfa na minti 10 ka yi kowace salla a lokacinta.

Allah ne mafi sani.