Koren dutse da takardar lab sun isa a ce an samu tagullar fofiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani abokin hulɗata ya kawo min duwatsu masu kore-kore daga wani fili can wajen Bauchi, haɗe da takardar lab da ta nuna tagulla kashi 8 cikin 100. Ya ce wai irin wadda ake kira fofiri ce, irin ta ƙasar Cile, yana so in zuba kuɗi mu haɗa hannu. Dan Allah mene ne fofirin nan, kuma akwai shi a ƙasarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Na ji daɗi da ka tambaya tun kuɗin suna aljihunka, don yawanci sai an zuba ake zuwar mana da tambaya. Kashi 8 ɗin nan da aka nuna maka don ka ji ƙwarin gwiwa, ni shi ne ma abin da ya fara sa ni shakka, domin fofiri ba a san shi da wannan ƙarfin ba. Yawancin wuraren da ake haƙarsa a duniya tagullar da ke cikin dutsen ba ta wuce kashi 0.3 zuwa kashi 1 cikin 100. Ka lissafa da kanka, in kashi 0.5 ne, tan ɗaya na dutse kilo 5 zai ba ka, tifa mai ɗaukar tan 30 kuma kilo 150 kacal. Amma duk da haka wajen kashi 60 cikin 100 na tagullar da duniya ke haƙowa daga irin waɗannan wuraren take fitowa, saboda girmansu, wuri ɗaya sai ka samu dutse mai tagulla tan miliyan ɗaruruwa, wani ma ya haura biliyan.

Shi dutsen fofiri in ka fasa shi za ka ga manyan ƙwayoyi jefi-jefi a cikin wasu ƙanana sosai, kamar wake a cikin garau-garau. Abin da ya jawo haka shi ne narkakken dutse ya fara hucewa a hankali can ƙasa, manyan ƙwayoyin suka samu lokacin girma, sai kuma ya yunƙuro sama ya daskare da sauri. A ina hakan ke faruwa? Galibi inda ɓawon ƙasa na ƙarƙashin teku yake nutsewa ƙarƙashin na nahiya, kamar gaɓar yammacin Kudancin Amurka inda Cile da Feru suke, ko tsibiran Indonesiya da Filifin. Ɓawon da ya nutse yana sakin ruwa, ruwan ya sa dutsen da ke samansa ya narke, narkakken ya taso ya tsaya a zurfin kilomita 1 zuwa 6 ƙarƙashin duwatsu masu aman wuta. Yana hucewa sai ruwa mai tsananin zafi da gishiri ya taru a kansa, ɗauke da tagulla da farar wuta, wani lokaci da zinari, har matsin ya yi yawa ya tsattsage dutsen da ke kewaye, sai ma'adinin ya zauna a cikin waɗannan ƙananan tsage-tsagen da ba su ƙirguwa. Shi ya sa babu wata jijiya guda mai kauri da mutum zai bi da diga da shebur. A warwatse take cikin dutsen gaba ɗaya, dole sai an kwashe tsaunin an niƙa.

Kafin ƙarni na 20 ma ba a ɗaukar irin wannan dutsen a bakin komai. Wani injiniya Daniel Jackling ne ya dage cewa in aka kwaso da yawa da manyan injina da jirgin ƙasa to za a ci riba, aka kafa kamfani a 1903, aka fara buɗaɗɗen rami a Bingham da ke jihar Yuta ta Amurka a 1906, a lokacin dutsen yana da wajen kashi 2 kuma masana da yawa suna ganin asarar kuɗi ce. Har yau ana haƙa a ramin nan. Chuquicamata ta Cile ta biyo baya a 1915.

Labarin da na fi so ɗalibai su riƙe shi ne na wani masanin duwatsu mai suna David Lowell. Akwai wata mahaƙa a jihar Arizona ta Amurka ana ce mata San Manuel. Lowell ya lura cewa ruwan zafin nan yana sauya kamannin dutse zobe-zobe, can tsakiya dutsen yana yin ja-ja da baƙi-baƙi, zoben da ke biye ya yi fari ya cika da wani ma'adini mai ƙyallin zinari wanda ba zinari ba ne, na waje kuma ya yi kore-kore mara tagullar kirki. Da ya zana taswirar San Manuel sai ya ga rabin zoben kawai ke nan. Ina ɗaya rabin? Ya ce lallai tsagewar ƙasa ce ta yanke shi ta zame da shi gefe ta binne. Ya lissafa inda ya kamata ya faɗa, aka kafa injin huda a 1965 a wurin da ba a ganin komai a sama, aka same shi, shi ne ake kira Kalamazoo. A 1970 shi da John Guilbert suka wallafa wannan tsarin na zobe, kuma har gobe da shi ake neman fofiri. Da irin wannan tunanin ne ya jagoranci bincike a hamadar Atakama ta Cile, aka yi ta huda ramuka har aka dace da Escondida a 1981, sama da mita 200 ƙarƙashin dutsen da ruwa ya riga ya wanke tagullarsa. Ba a fara fitar da kaya ba sai 1990, yau kuma babu mahaƙar da ta kai ta fitar da tagulla a duniya. Oyu Tolgoi ta Mongoliya kuwa, babban kamfanin BHP ya huda ramuka ya bari, sai kamfanin Ivanhoe ya karɓa ya ci gaba, a rami na 150 ne a 2001 aka ratsa sama da mita 500 na dutse mai tagulla da zinari, kaya bai fara fita ba sai 2013. Kaga ke nan Alhaji, ko inda Allah ya ajiye abin da gaske, shekara goma ake yi ana kashe kuɗi ba a ga sisi ba.

Toh mu dawo gida. Dutsen da Kano take zaune a kai tsoho ne ƙwarai, ya ɗauki kamanninsa na yanzu wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Shi kuwa fofiri kusa da sama yake samuwa, don haka ruwa da iska suna saurin cinye shi, shi ya sa mafi yawan waɗanda aka sani matasa ne, Escondida ba ta kai shekara miliyan 40 ba, Grasberg ta Indonesiya wajen miliyan 3 kawai. Namu an daɗe da zaizaye saman, gindin muke takawa. Duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa da 'yan uwansu na Jos da Bauchi sun fi ƙuruciya, na Riruwai wajen shekara miliyan 170, amma su a tsakiyar nahiya suka ɓullo, ba wani teku da ya nutse ƙarƙashinsu, abin da suka ba mu kuza ne da kolumbait da tutiya. Tagulla tana nan, ban ce babu ba, ana samunta a jijiyoyi a yankin Rishi ta Bauchi da kuma kwarin Binuwai tare da dalma da tutiya. Kakanninmu ma sun san ta, Ibn Battuta da ya je Takedda a ƙasar Agadas a 1353 ya ambaci tagullar da ake kaiwa Gobir da Borno. Sai dai ita ta Takedda da ta Zambiya da Kwango duk wani nau'i ne daban, a cikin dutsen da ya samu daga laka da yashi suke. Fofiri na gaske mafi sananne kusa da mu shi ne na Gawa a Burkina Faso, mai shekara sama da biliyan 2, wanda ya nuna tsoho ma yana iya tsira. Don haka ba zan rantse maka cewa ba zai yiwu a Najeriya ba, amma wanda ya ce ya samu, shi ne zai kawo hujja, kuma hujjar ba ta shiga leda.

Koren nan da ka gani a duwatsun abokinka mai yiwuwa shi ne ake kira malakait, ba koren zoben waje da na ambata ba, tsatsar tagulla ce, kuma fiye da rabin nauyinsa tagulla ne, don haka ɗan kaɗan ya shafi dutse sai sakamakon lab ya yi sama. Mutum kuma in zai tsinto samfur, mafi kyau yake zaɓa, ko da ba shi da niyyar cuta. Takardar tana iya zama gaskiya ɗari bisa ɗari, amma labarin dutsen da aka kai musu kawai take bayarwa, ba ta san faɗin filin ba balle zurfinsa. Mai yiwuwa wata 'yar jijiya ce mai faɗin taku ɗaya ko biyu, wadda masu haƙar hannu za su iya cin abinci da ita, wannan sana'a ce mai kyau in da lasisi, amma lissafinta daban ne kwata-kwata da wanda aka yi maka.

In har ranka yana kan abin, ka fara tambayarsa lambar lasisi da lambobin iyakar filin, ka sa a duba maka a ofishin rajistar filayen ma'adinai na tarayya da ke Abuja, don a dokar 2007 ma'adinan ƙasa na gwamnatin tarayya ne, yardar mai gona ko mai gari ita kaɗai ba ta ba ka ikon haƙa, duk da cewa ita ma dole a neme ta. Lasisin bincike shekara 3 yake yi ana sabuntawa. Sannan ka ɗauki masanin duwatsu naka na kanka mai rajista, wanda kai za ka biya ba abokin hulɗarka ba, akwai sashen wannan ilimin a Jami'ar Bayero za su iya nuna maka hanya. Ya je ya taka filin, ya zana taswira, ya ɗebi samfur a jere bisa tazara ɗaya ba tare da zaɓe ba, ya raba biyu ya kai lab biyu daban-daban, ɗaya na iya zama na hukumar binciken ƙasa da ke Kaduna. Wannan kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da abin da ake nema a hannunka. Sai ya dawo ya ce ya ga zoben nan da tsage-tsagen a faɗin ɗaruruwan mitoci, sannan a fara maganar awon ƙasa da na'ura da huda ramuka, kuma a nan gaskiya aikin ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya.

Dan Allah kuma duwatsun da ke hannunka kar a daka su a cikin gida, kar yara su yi wasa da su. Tagullar yankinmu sau da yawa tare da dalma take zuwa, kuma ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda garin dutsen zinari mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ya yi ajalin yara sama da 400. Ka ƙulle su a buhu ka ajiye a shago har masanin ya zo ya gani.