Zan iya ba asusun jami'a zakkata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jami'ar da na yi karatu ta buɗe asusun tallafa wa ɗalibai da masu bincike, ina kuma son in taimaka. Zan iya zuba zakkata a ciki? Sannan akwai lada, alhali yawancin binciken na likitanci ne da aikin gona?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya karɓi wannan niyya taka.

Game da lada, kada ka yi shakka. Muslim ya rawaito daga Abu Huraira cewa idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari mai yi masa addu'a. Malamai, cikinsu har da Imamul Gazali, sun sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato idan al'umma ta rasa masu su gaba ɗaya, laifin ya hau kan kowa. Yana yi mini zafi in ga mai hali yana ɗaukar ɗakin gwaje-gwaje kamar ba ruwansa da lahira, alhali maganin da za a gano a can zai iya ceton ran da bai taɓa gani ba.

Sai dai zakka ba ta da faɗin sadaka. Allah Ya ƙayyade mata gida takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Ɗalibi matalauci, wanda kuɗin makaranta ko abin masarufi ya gagare shi, yana cikin faƙirai da miskinai, don haka ya halatta a ba shi, da sharaɗin ya zama Musulmi, kuɗin ya zama mallakinsa, kuma ba wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka ba ne. Amma sayen na'urori, gina ɗakin karatu da biyan ma'aikata, jumhurun malaman mazhabobi huɗu ba su yarda a yi su da zakka ba, domin sun fassara "fi sabilillahi", ɗaya daga cikin gidajen takwas, da masu jihadi. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar, ina kuma girmama ijtihadinsu, amma ban natsu da shi ba a nan: haƙƙin talaka ne za a karkatar, ga kuma wata ƙofa a buɗe.

Ƙofar ita ce waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar ya sami gona a Haibara, Annabi (SAW) ya shawarce shi ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. A kan irin wannan kyauta Fatima al-Fihri ta kafa masallacin Ƙarawiyyin, wanda ya zama jami'a, a birnin Fas na ƙasar Maroko a shekarar 859 Miladiyya, ga shi nan har yau ana karatu.

Saboda haka ka tambayi masu asusun: shin sun ware kason ɗalibai mabuƙata daban? In sun ware, kuma ka amince da su, ka wakilta su su isar da zakkarka. In kuwa a tukunya ɗaya ake haɗa komai, ka miƙa zakkar ga ɗalibin da kanka, ka tallafa wa bincike da waƙafi daga sauran dukiyarka. Ka kuma sharɗanta musu a rubuce kada a juya kuɗinka da kuɗin ruwa, domin sharaɗin mai waƙafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba.

Allah ne Mafi sani.