Dangi na yaba bargunan da nake ɗinkawa amma kuɗi ba ya taruwa, in ci bashi in buɗe shago?

Wata baiwar Allah ce ta turo daga Zariya, ga saƙon a taƙaice: "Anti, shekara ɗaya kenan ina ɗinkin bargon haɗi, irin wanda ake harhaɗa ƙyallayen atamfa a sa faiba a tsakiya a bi da ɗinki, ina kuma yin filallika da shimfiɗar jarirai mai suna a jiki. Da farko kyauta nake wa 'yan uwa in an yi haihuwa ko biki, sai kowa ya dinga cewa ki mai da shi sana'a mana. Na fara da dubu 150, yanzu abin da ke hannuna bai fi dubu 60 ba alhali kullum ina kan keke. Ina ganin kekena ne ya yi ƙarami, so nake in ci bashin dubu 500 in sayi babban keken wuta in kama shago kamar yadda nake ganin mata na yi a Instagram. Me kika gani?"

Ƙanwata, kar ki ci bashin nan. Kekenki lafiyarsa ƙalau, wanda ya fitar da aikin da dangi ke rububi a kai ba shi ne ya cinye miki dubu 90 ba. Da na tambaye ki barguna nawa kika ɗinka a shekarar, ba ki da littafin da za ki duba, sai da kika koma hotunan cikin wayarki kika ƙirga, kika ce 23. Na ce nawa aka biya ki cif, kika ce 9. Guda 8 an ba ki wani abu an ce za a ciko, guda 6 kuma babu wanda ya yi maganar kuɗi, ke ma kunya ta hana ki yi. Kuma kusan dukkansu gidan 'yan uwa suka tafi, daga 'yar gwaggo sai matar yaya sai ƙanwar miji. To a nan kuɗinki suke, ba sai an je da nisa ba.

Mu ɗan buga lissafi da alƙalumanki. Kin ce kowane bargo yana cin kamar dubu 17, yadin baya da faiba da zare da ledar da kike sawa da atamfar da kike cikowa in ƙyallen wajen teloli bai isa ba. Sau 23 ya tasar ma dubu 390. Kina sayarwa dubu 25, guda 9 sun kawo dubu 225, masu cewa za su ciko in kowa ta ba da kamar rabi sun kawo kusan dubu 100. Kinga kin kashe 390 kin karɓo 320 da 'yan kai, kusan dubu 70 sun tafi kenan, sauran dubu 20 da suka ɓace kuma ke kanki ba ki san inda suka shiga ba, ƙila kuɗin mota ne zuwa Kantin Kwari, ƙila cefane ne ranar da maigida bai bari ba. Kuma duk wannan ban sa kuɗin aikin hannunki ba ko sisi.

Shi ne abin da ya fi damuna wallahi. Kin ce bargo ɗaya kwana huɗu yake ɗaukarki, yanka da jerawa da ɗinki da bin layi-layi don kar faibar ta dunƙule in an wanke. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 dubu 70 ne a wata, in kika raba shi da kwanakin aiki kowace rana ta kusa dubu 3, kwana huɗu dubu 11 kenan ko sama. Ɗora a kan 17, bargonki ya tashi a dubu 28 tun kafin a zo maganar riba, ke kuma kina sayarwa 25. Wato hatta mutum taran da suka biya ki cif, ke kika yi musu ciko da bayanki da idonki. Babban keke zai sa ki fitar da barguna da yawa ne kawai, in farashin da masu karɓar ba su canja ba asarar ce za ta ninku, ga kuɗin haya, ga man janareto da kin san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, ga mai bashi yana jiranki ƙarshen wata. Ɗibar ruwa da kwando ce, ki ƙaro babban kwando ba zai riƙe ko ɗigo ba.

Matan Instagram ɗin nan kuma dan Allah ki daina auna kanki da su. Hoto kike gani, ɗaki mai fitilu da gado an gyara, ba ki ga littafinsu ba, ba ki san wace ce mijinta ke biyan haya ba, wace ce ta ɗauko kaya a Kwari ta ɗauki hoto ta mayar. Akwai masu ci da gaske a cikinsu, amma ki tambayi ko wace ce, za ta gaya miki ba ta yanka yadi sai ta ga alat.

Kuskurenki ɗaya ne, kin shiga sana'a amma ba ki sanar da dangi cewa zamanin kyauta ya wuce ba. Su ba mugaye ba ne fa, ke kika saba musu. Wadda kika kai wa shimfiɗar jariri ranar suna kyauta bara, in ta sake haihuwa bana ta ce ki yi mata, a ranta ba oda ta bayar ba, tuna miki kawai ta yi. Ke kuma a ranki kin sa ta cikin kwastomomi. Kowa da lissafinta daban kuma babu wadda ta furta, sai kaya ya fita kuɗi bai shigo ba, ki zauna kina cizon yatsa kina gaishe ta da murmushi a gidan biki.

Na san wata mata a Kano da hannunta ya fi na kowa a unguwarsu wajen zanen gado da labule. 'Yar yayar babarta za ta aurar da 'ya, aka ce ta haɗa kayan jere gaba ɗaya, in an tara gudummawa za a sallame ta. Ta kwashi adashinta ta zuba, ta ƙara da kuɗin odar wasu mutane biyu, ba rubutu ba shaida don ai 'yan uwa ne. Aka yi biki aka watse, gudummawar ta tafi wajen gara da masu abinci, da ta tuntuɓa bayan wata biyu sai aka ce haba, ashe ɗinkin ma sai an biya, mu mun ɗauka gudummawarki ce. Ta sayar da keke ta mayar wa mutanen nan biyu kuɗinsu, yau shekaru ke nan ita da matar ba sa ga maciji. Zumuncin da ta ji kunyar ɓatawa da maganar kuɗi tun farko, rashin maganar ne ya ɓata shi.

Ban ce ki daina kyauta ba, ina! Da kyautar kika fara kuma ita ce ta sa aikinki yake da daɗi, mai ɗinka wa ɗan ƙanwarta shimfiɗa da sunansa a jiki ba ta yi asara ba. Amma ke za ki zaɓi wanda za ki yi wa, ba a zaɓa miki ba. Ki zauna farkon shekara ki ce bana guda uku zan bayar, na Mama, na ƙanwata da za ta haihu, da ɗaya na ajiya saboda abin da Allah zai kawo. Kuɗin kayan waɗannan ukun daga aljihunki za su fito, ki ciro ki biya sana'ar kamar yadda baƙuwa za ta biya. In sun ƙare sun ƙare. Kuma in za ki miƙa ki faɗa da bakinki, wannan kyauta ce daga gare ni, don wadda ke gefe ta gane cewa akwai wanda ba kyauta ba.

Duk wadda ta zo bayan haka, ko ciki ɗaya kuka fito, farashi za ki fara faɗa kafin a zaɓi kala. In kina so ki yi wa 'yan uwa ragi ki yi, amma daga ribarki, ki ce ana sayarwa dubu 38 ke na bar miki 34, ta san an yi mata alheri kuma ta san iyakarsa. Sannan kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan gaba ɗaya, ba a kawo ba almakashi ba ya taɓa yadi, cikon kuma ranar karɓa, kaya ba ya fita a kan zan turo miki anjima. Na san za ki ce Anti da wane ido zan kalli gwaggo in ce ta kawo kuɗi. Kunyar mara kunya asara ce, kuma akwai hanya mai sauƙi, ki rubuta farashinki ki sa a sitatus na WhatsApp da gurup ɗin gida kowa ya gani lokaci ɗaya, babu wadda za ta ce ita aka nufa. In an matsa miki ki ce kuɗin kayan ba ya hannuna sai an kawo nake sarowa, kuma gaskiya kika faɗa.

Littafi kuma yau ɗin nan, na makaranta mai layi ya isa. Suna, rana, abin da aka ce a yi, farashi, abin da aka bayar, abin da ya saura. In 'yar uwa ta ce ke yanzu har rubuta ni za ki yi, ki tuna mata ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Ki buɗe asusu daban na sana'a, ko Opay ne ko Moniepoint ko wanne ya sauwaƙa, kuɗin bargo su shiga can su kaɗai, kar ki haɗa da inda kike sayen kati da kayan miya.

Bashin mutum takwas ɗin can, ki bi su ɗaya bayan ɗaya a keɓe ba a gurup ba, ki ce zan saro kaya ranar kaza ina buƙatar cikon nan. Wasu za su biya, wasu ba za su biya ba. Wadda kika ga bibiyar za ta jawo gaba ki yafe mata har zuci ki rufe shafin, amma oda ta gaba kuɗi a hannu.

Yanzu maganar farashi, na san dubu 35 zuwa 40 zai ba ki tsoro, za ki ce wa zai saya alhali ga bargon China a kasuwa ga na gwanjo a Ƙofar Wambai da Kasuwar Barci da bai kai haka ba. Mai neman abin rufa saboda sanyi kawai ba kwastomarki ba ce, ki bar ta ta tafi can, ba za ki taɓa kayar da inji a araha ba. Taki ita ce wadda ke son a haɗa mata ragowar ankon bikinta su zama murfin gado, ko uwar da ta ajiye kayan jariranta tana so a mai da su shimfiɗa ɗaya, ko wadda za ta kai wa kakarta abin da babu irinsa a shago. Irin waɗannan suna biya, kuma yawancinsu ba danginki ba ne, ƙawayen danginki ne da abokan aikinsu. Amfanin da 'yan uwa za su yi miki kenan, su nuna aikinki a ɗakunansu su ba da lambarki. In kin gwada wannan farashin wata uku ba a samu ko mutum biyar ba, to kasuwar ba ta kai ta shago ba tukuna, gara ki sani yanzu da dubu 60 a hannu a kan ki sani da bashin dubu 500 a wuya.

Akwai wani ɓangare da kika ambata a ƙarshen saƙonki da nake so ki yi hattara da shi sosai, masu kawo zannuwan mahaifiyarsu da ta rasu a haɗa musu bargon tunawa. Aiki ne mai kyau kuma ya kamata ya fi kowanne tsada, saboda tsohuwar atamfa ta sha wanki ta yi laushi, wani wurin ya ci, sai kin zaɓe kin sa mata shafi a baya, wata kuma tana zuba sai kin jiƙa ta daban kin gani kafin ki haɗa ta da mai haske, kuma in kika yanka ba daidai ba babu kasuwar da za ki je ki samo madadinta. Amma kafin duk wannan ki tambaya, an raba gado? Tufafin mamaci dukiya ce ta magada. Wata mai ɗinki da na sani, 'ya ɗaya ta kawo mata atamfofi masu tsada na marigayiya, ta yayyanka ta kusa gamawa sai ga sauran 'yan uwan sun zo wai ba a raba ba, ba da saninsu aka ɗauko ba, ranar har gaban mai unguwa aka je kuma ita da ba ta ci ba ta sha ba aka so a ɗora wa biyan kuɗin zannuwan. Saboda haka in ba a raba ba ki ce a je a dawo, in an ce an raba ya zama rabon wadda ta kawo, ta turo miki a rubuce ko da saƙon waya ne, ki ɗauki hoton kowane zane a gabanta kafin ki taɓa.

Dubu 60 ɗin da ta rage kar ki zuba ta duka a kaya. Ki ɗinka samfuri biyu masu kyau da za ki dinga nunawa, ki ajiye sauran, tunda daga yanzu kuɗin mai oda ne zai dinga sayen kayan aikinta. Ki fara tallan tun watan Oktoba kafin hunturu ya shigo, lokacin ne mutane ke tuna bargo kuma ga bukukuwan Disamba, kar ki karɓi fiye da abin da hannunki zai iya a wata don ɗinkin gaggawa ne ke ɓata suna. Bayan wata shida ki turo min hoton littafin. In ya nuna kina mayar da oda saboda keke ya gaza, sai mu yi maganar babba, wanda aka taɓa amfani da shi mai kyau ma ya isa, ki je da makanikin keke ya duba miki kafin ki biya, kuma da kuɗin da sana'ar ta tara ko kwasar adashe za ki saya, a ajiye shi a ɗakinki ba a shagon haya ba.